Daminar da Na Goya Baba a Keke

Ranar Talatar da ta wuce ruwa ya kama ni a hanyar dawowa daga ofis. Irin ruwan Jos ɗin nan ne da ba ya sallama. Hadari ya taso ta gabas, iska ta juya, kafin in kai inda zan fake ƙanƙara ta fara dukan hular kwanona kamar ana watsa tsakuwa a kan langa-langa. Na iso gangaren da ke shiga unguwarmu, na matsa birki, keken ya tsaya cak kamar yadda ya kamata. Ba abin da ya faru. Amma sai na ga na sauka na jingina da bangon wani shago, na kasa ko zuge rigar ruwana. Mai shagon ya leƙo ya ce, "Oga, lafiya?" Na ce masa sanyi ne. Wataƙila da sanyin a ciki, ba zan musa ba. Amma na san abin da jikina ya tuna.

Keken da nake hawa yanzu na zamani ne, mai giya, birkinsa na faifai ne, ruwa bai cika damunsa ba. Da shi nake zuwa aiki kullum, ranar Asabar kuma nakan bi wasu matasa mu fita bayan gari motsa jiki. A hawan tudu ba na jin kunya a cikinsu. A gangare kuwa ni ne na ƙarshe koyaushe, har sun sa mini suna Kawu Sannu-sannu. Ban taɓa gaya musu dalili ba.

Shekara goma sha wani abu ke nan, in ban yi kuskure ba. A shekarar azumi ya faɗo tsakiyar damina, kuma ba a daɗe da hana acaba a cikin gari ba. Na gama jami'a, na gama bautar ƙasa, na dawo gidanmu a Dutse Uku da digiri a kan kimiyyar sinadarai, ina ta yawon kai takardun neman aiki. Ni ne auta. Yayyena biyu suna Kano da Kaduna da iyalansu, gidan ya rage daga ni sai Inna sai Baba, Allah ya ji ƙansa.

Wata biyu kafin azumi Baba ya faɗi a bakin rijiya yana shirin alwala. Hawan jini ne, aka ce, ya taɓa masa ɓarin hagu. Da aka sallamo shi yana iya takawa da sanda, yana jan ƙafa, maganarsa ta yi nauyi amma ana ganewa. Hannun hagun ne ya ƙi. Aka rubuta masa gashi a asibiti, wato motsa gaɓoɓi, Litinin da Alhamis, ƙarfe tara na safe. Mai yi masa gashin wata mata ce gajeriya mai faɗa, kowa Sista yake ce mata. Ranar farko ta ɗaga hannun Baba ta nuna mini yatsun, ta ce, "Ka gan su? Watannin nan na farko su ne komai. In kuka yi wasa da zuwa, hannun nan zai dunƙule. In ya dunƙule, ba ni ba, ba wani ba."

Wannan maganar ce na kwana da ita na tashi da ita duk daminar.

Ban sani ba ko ruwan shekarar ya fi na sauran shekaru da gaske, ko kuwa ni ne nake ƙirga kowane ɗigo. Abin da na tuna shi ne sai a yi kwana huɗu ba a ga rana ba. Gajimare ya sauko ya zauna a kan duwatsun bayan gidanmu, yayyafi ya ƙi tsayawa ya ƙi ƙaruwa. Wanki ya kwana uku a igiya yana wari. Gishiri ya narke a cikin gwangwani. Ashana sai Inna ta ɗumama ta a hammata kafin ta kama. Itacen da muke saye jiƙaƙƙe ne, Inna ta durƙusa tana hurawa, hayaƙi ya cika madafa ya biyo mu har ɗaki, idonta kullum ja. A kasuwa dankalin turawa ya yi wuya, an ce ya ruɓe tun a gona, tumatir kuwa sai dai a ga hotonsa a jikin gwangwani. Buɗa-bakinmu kunun tsamiya ne da dafaffiyar masara, wata rana da ƙosai, sai gwate, faten nan na Jos, wanda Inna ke cika wa ganye don ya yi auki.

Azumin sanyi daban yake da na zafi. Ƙishirwa ba ta dame ni ba. Yunwa ce ke shiga ƙashi, wajen la'asar sai in ji haƙorana suna haɗuwa. Da asuba ni ke dafa ruwan alwalar Baba, in wanke masa hannun dama tunda na hagun ba ya iya wanke ɗan'uwansa, Inna kuma ta zauna ta shafa wa na hagun man zafi, tana buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya kamar yadda Sista ta koya mata. Baba ya so ya yi azumi, Sista ta hana saboda magunguna. Sai ya riƙa shan kokonsa a bayan ƙofa, wai kada ya tsokane mu.

Matsalar ita ce hanya. Ruwa ya cinye layinmu, tasi ba ta hawowa. Masu Keke Napep ba su yi yawa ba tukuna, waɗanda ke akwai kuma da sun ji Dutse Uku ta sama sai su girgiza kai. Daga ƙofarmu zuwa titi tafiyar minti goma ce ga mai lafiya. Mun gwada sau ɗaya da ƙafa, muka yi fiye da awa, Baba ya isa titi yana haki, leɓensa ya yi fari, muka juyo ba mu je ba. Wani maƙwabci ya kai mu sau biyu a motarsa, a na uku motar ta kafe a laka har sai da aka tara mutane.

Ran nan Baba ya nuna saman zaure da sandarsa. Ya ce, "Wancan fa? Don ado aka rataye shi?"

Kekensa ne, baƙi, na ƙarfe, rataye tun ina sakandare. Baba ya yi shekara kusan talatin yana masinja a wani kamfanin kuza, a kan keken nan ya zaga sansanonin haƙa da jakar wasiƙu. Na sauko da shi na tura wa Oga Pam, mai gyaran keke da ke da rumfa a ƙasan gangarenmu. Tsohon abokin aikin Baba ne, tare suka bar kamfanin. Yana ganin keken ya tafa hannu.

"Kai! Wannan keke ya girme ka, ka gaishe shi."

Ya sa sababbin tayoyi da robar birki, ya cire madigadin gaba da tsatsa ta cinye ya jefar, ya ɗaura tsumma a kan kariyar baya don zama. Da na gaya masa abin da za mu yi da keken, ya daina dariya. Ya ce, "Mutum biyu, gangaren nan, cikin ruwa? To. Babanka ya san hanya. Ka ji maganarsa kawai."

Ni dai ban ce abin da muka yi daidai ne ba. Da a yau ne wani ya tambaye ni, ina jin zan hana shi. Amma a lokacin ban ga wata hanya ba, ko kuma ban iya nemo ta ba.

Hannu ɗaya ba ya isa riƙo, saboda haka Inna ta fito da wani zaninta mai kauri. Baba ya hau kariya, na hau sirdi, ta zagaye mu da zanin ta ɗaure a ƙirjina, ɗauri biyu. Baba ya kalli zanin, ya kalle ta.

"Goyo za a yi ni? Da gemuna?"

"Malam, ko goyo ko zama. Zaɓi."

"To ki kawo tulun nono mana, a cika."

Inna ta juya kai tana dariya, ta ƙara jan ƙullin. Ta ce da ni ƙasa-ƙasa, "Auta, amana."

Bari in kwatanta gangaren, don wanda bai san shi ba. Daga ƙofar gidanmu hanya takan miƙe kaɗan, sannan ta karya ta sauka tsakanin gidaje da manyan duwatsu. Rabinta kwalta ce da ta mutu, rabi jar laka. A ƙasa akwai kwalbati marar shinge a kan wani rafi. Da rani yara na tsallake rafin da ƙafa, amma da damina yakan cika ya yi ja, yana tafe da robobi da rassan itace, ƙararsa har gida. Ana haye kwalbatin sai babban titi, inda tifofin yashi ke wucewa ba sa kallon kowa.

Birkin irin wannan keke roba ce ke matse ƙarfen da taya ke zaune a kai, wanda masu gyara ke kira rim. In ƙarfen ya jiƙe, robar takan yi santsi kafin ta kama. Baba ya koya mini tun ranar farko, bakinsa a kunnena: "Tun daga sama ka fara matsawa. Kaɗan-kaɗan. Bari robar ta share ruwan. In ka ji ta fara kuka, ta kama." Haka muke sauka, birki yana ƙara kamar ana yanka akuya, mata suna leƙowa, yara suna cewa ga mai goyon tsoho. Ni ban taɓa jin kunyar ba, tsoro bai bar mata wuri ba. Duk addu'ar da na sani nakan karanta ta daga ƙofa zuwa kwalbati, in mun haye in ji rigata ta jiƙe ta ciki duk da sanyin. Baba kuwa gaisawa yake da mutane. Ina jin ma daɗin fitar yake ji. A dawowa ni ke turawa, shi yana zaune, ni da azumi, ina ganin taurari da rana tsaka.

Mun yi zuwa biyar lafiya. Sista ta ce babban yatsan ya fara motsi.

Sai wata Lahadi da yamma, ina goge keken a zaure, na ga ɗigo-ɗigon tsatsa a jikin rim. Hankalina ya tashi. Na karanta tsatsa a jami'a, na rubuta jarrabawa a kanta, na san yadda take cin ƙarfe ta ciki alhali waje yana kama da lafiya. Na zauna ina hango ƙafar keken ta karye a tsakiyar gangare da Baba a bayana. Kuma na san maganinta: a raba ƙarfe da ruwa da iska. Na je wajen wani mai gyaran janareta na roƙi baƙin mai a gwangwanin madara. Na sami tsumma, na bi keken nan lungu-lungu, sarƙa, feda, wayoyin ƙafa, sannan rim, gaba da baya, ciki da waje, har sai da ya yi ƙyalli. Na matsa birki a tsaye, na ga robar ta kama ƙarfe. Ban tura shi ko taku ɗaya ba. Har yau wannan ne abin da na kasa fahimta game da kaina, ni da nake duba ƙofa sau uku kafin in kwanta.

Inna ta wuce da tire ta ce, "Kai, ka mai da shi sabo." Na ji daɗi. A daren na yi barcin da na daɗe ban yi ba.

Litinin da safe yayyafi ake yi. Inna ta ɗaure mu, ta lulluɓa wa Baba leda a kafaɗa. Muka bi miƙaƙƙen wurin, muka iso inda hanya ke karyawa. Na matsa birki kaɗan-kaɗan yadda aka koya mini, ina jiran kukan.

Ba kuka. Na ji robar ta taɓa ƙarfe, na ji a yatsuna, amma shiru, keken yana tafiya sumul kamar a kan sabulu. Na ƙara matsawa. Na haɗa duka biyun na matse har ƙarfen birkin ya taɓa hannun keke. Gudu ya ƙaru. Gidan mai shuɗiyar ƙofa ya wuce, dutsen da ake shanya a kai ya wuce, ruwan tayar gaba yana feso mini a fuska. Daga nan ina jin ƙarar rafin.

"Baba, birki! Baba!"

"Na ji." Muryarsa ba ta canza ba. "Kada ka sa ƙafa a ƙasa."

Ƙafata ta riga ta bar feda. Da na taka ƙasa a wannan gudun da mun kife, a ɗaure, shi a ƙasa ko ni. Na mayar da ita.

"Takalminka. Bayan tayar gaba. Ɗora."

Na taɓa ganin yara suna yi, ban taɓa yi ba. Na ɗaga ƙafar dama, kan keken ya yi rawa, Baba ya matse ni da hannunsa mai lafiya har na ji haƙarƙarina. Na ɗora tafin takalmin a kan taya.

"A hankali. In ka danna da ƙarfi za mu tashi sama. Ƙara. Ƙara."

Takalmin roba ne. Na ji zafi yana ratso shi, na ji warin ƙuna duk da ruwan. Gudun ya ragu, ko dai na ga kamar ya ragu, amma kwalbatin ya riga ya bayyana, jan ruwa yana taɓa bakinsa, bayansa kuma wata tifa tana wucewa. Sai igiyar takalmin ta tsinke, ya fice ya bar ni da tafin ƙafa. Ban ɗauke ba. Ba jarumta ba ce, na manta yadda ake ɗaukewa ne.

"Dama," in ji Baba. "Lungun masu bulo. Yanzu."

Lungun yana hawa sama kaɗan. Na karya kan keken, tayar baya ta zame, ta dawo, muka shiga, muka hau, gudun ya mutu a cikin laka. Keken ya tsaya kamar yana tunani, sannan ya kwanta ta hagu. Ta ɓarin Baba marar lafiya.

Na faɗi a kansa. Na yi ƙoƙarin tashi, zanin ya riƙe ni, duk motsin da na yi ina ƙara danne shi. Ƙullin ya jiƙe ya ƙi kwancewa. Ina kiran sunansa, ba ya amsawa, sai wani nishi. Ban san tsawon lokacin ba, mai yiwuwa bai kai minti ɗaya ba. Sai ga Oga Pam a guje da rezar da yake yanka faci da ita, ya tsarge zanin Inna gida biyu, ya janye ni gefe kamar buhu.

"Masinja! Masinja, ka ji ni?"

Baba ya buɗe ido, rabin fuskarsa duk laka. Ya ce, "Pam, ɗaga ni, ƙasar nan da sanyi."

Oga Pam ya tsayar da wata akori-kura ta kai mu asibiti. Aka ɗauki hoto. Ba karaya, amma kafaɗar ta bugu, ta kumbura. Sista ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Ta ce a huta ranar, a dawo Alhamis, za ta bar kafaɗar ta yi aiki a kan yatsu. Aka wanke mini tafin ƙafa aka naɗe, fatar ta saluɓe kamar faɗin murfin kwalba.

Da yamma na ɗingisa zuwa rumfar Oga Pam ɗaukar keken. A hanya ina ta shirya yadda zan tambaye shi, cikin ladabi, ko robar da ya sa mana jabu ce. Na same shi zaune da keken a gabansa. Ya shafa yatsa a jikin rim, ya ɗago mini shi baƙi ƙirin.

"Wane ne ya sa wannan?"

Na ce tsatsa na gani.

"Tsatsa." Ya kalli yatsan. "Tsatsan nan zai yi shekara ashirin bai kashe kowa ba. Birki ma yana son shi, yana kama shi da kyau. Kai ka ba shi mai ya sha." Ya goge hannu a wando. "Ka je ka faɗa wa babanka da bakinka. Ni ba zan faɗa ba."

Bayan an sha ruwa na durƙusa a gaban Baba na faɗa. Inna tana bakin ƙofa da kofi a hannu, ba ta shigo ba, ba ta tafi ba. Baba ya ce, "Na ji warinsa tun a zaure. Na ɗauka sarƙa ka shafa wa. Da na tambaya." Shi ke nan abin da ya ce.

Washegari ya sa aka fito da shi tsakar gida a kujera, ya sa ni wanke rim da omo da toka, sau uku, in goge da yashi, in sake wankewa. Oga Pam ya sa sabuwar roba, tsohuwar ta sha mai. Keken ya koma kuka fiye da da. Amma ranar Alhamis da Inna ta fito da wani zanin, na tsaya a zaure na kama hannun keken, sai na ji ba zan iya ɗaga ƙafa in hau ba. Na ce ƙafata ce. Ƙafar tana ciwo, gaskiya ne, amma ba ita ba ce. Ba mu je ba. Litinin ma ba mu je ba. Na fita tun asuba neman mota, na tsaya a titi cikin ruwa ina roƙon masu Napep, ɗaya ya yarda, ya zo rabin gangaren ya ga laka ya juya.

A kwanakin nan na daina kallon Inna in tana shafa man zafi. Amma ina ji. Da tana buɗe yatsun tana hira. Yanzu shiru take yi, tana nishi kaɗan, in ta saki sai su koma cikin tafin hannu da sauri. Ranar Laraba ta kira ni madafa, ta ce, "Na tsakiyan ya ƙi miƙewa yau. Ban gaya masa ba."

Ya sani. Da la'asar ya kira ni.

"Auta, gobe Alhamis."

"Baba, ina neman mota. Akwai wani da ya ce wataƙila..."

"Wataƙila." Ya ɗaga hannun hagun da na dama, ya ajiye shi a cinya tsakaninmu. "Man da ka shafa, kuskure ne, na yafe tun ranar. Wannan zaman da muke yi, shi ne ban yafe ba."

Na ce, "Baba, in na sake kayar da kai fa? In a kwalbati ne?"

"Kana tsoro."

"Ina tsoro."

"To madalla, ni ma ina yi. Ka zaci gaisuwar da nake yi da mutane ta mece ce?" Ya kalli keken. "Birkin ne ba ka yarda da shi ba, ko hannunka?"

Na ce hannuna.

"To kawo nawa."

Da safe aka yi yadda ya tsara. Ba zani. Ni da Inna muka ɗora shi a kan sirdi, shi kaɗai. Ya kama hannun keke da dama, yatsunsa a kan birki. Inna ta ɗauki hannun hagun ta naɗa lanƙwasassun yatsun a ɗaya ɓangaren. Ni kuma na tsaya a ƙasa ta hagunsa, hannuna ɗaya a kan keken, ɗaya zagaye da ƙugunsa, kafaɗata a haƙarƙarinsa. Ruwa ake yi, ba mai ƙarfi ba. Muka fara sauka da ƙafa, ina ɗingishi da bandeji a cikin leda.

Nauyinsa da na keken duk suna jan gaba, laka tana zame mini. Duk sanda na ji za su ƙwace, kafin in buɗe baki sai in ji birki ya yi kuka, keken ya dawo hannuna. Bai yi latti ba ko sau ɗaya. Amma da muka zo kwalbati na ga ruwan yana wucewa a ƙarƙashin ƙafata, sai ga ni ina salati da ƙarfi ban sani ba. Oga Pam ya fito daga rumfa ya tsaya a bakin titi, ya ɗaga wa wata tifa hannu har muka haye.

"Masinja ya koma aiki!" ya ce. "Ina wasiƙa na?"

"Tana hanya," in ji Baba, bai waiwaya ba.

Haka muka tafi har asibiti, ban hau ba ko a shimfiɗaɗɗen wuri. Mun isa goma saura. Sista ta dubi agogon bango, ta dube mu, laka har gwiwa.

"Ƙarfe nawa na ce? Kuma ina kuka shiga kwana goma?"

"Ki yi haƙuri, Sista," in ji Baba. "Sabon inji na sa wa keken. Ba ya gudu, sai salati."

Ba ta yi dariya ba. Ta ja kujera ta zauna, ta ɗauki hannun ta juya shi. Na tsaya a jikin bango, ruwa yana ɗiga daga wandona. Ta kama babban yatsan, ya buɗe. Manuniya ta buɗe da ƙyar. Ta zo kan na tsakiyan, ta ja, ya ƙi. Ta ɗumama shi a tafin hannunta, ta murza gaɓar, ta sake ja a hankali, Baba ya runtse ido yana cije leɓe, wata ƙara ta fito masa ta hanci. Ina kallo yatsan ya taso kaɗan, ya tsaya, ya ƙara tasowa, har ya kwanta a kan nata.

Ta riƙe shi a haka, ba ta ɗago kai ba.

"Bai tafi ba," ta ce. "Saura kaɗan, amma bai tafi ba. Litinin, ƙarfe tara. In turowa za ku yi, ku fito bakwai."